Wa Ya Nemo Ka, Wa Zai Biya Ka? Jagorar Aikin Amsa Kiran Kwastoma ga Matasan Gidan Katta

Idan katin da ka sa bai shiga ba, ko aka wayi gari an rufe maka layi, 300 za ka danna. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya, ta yadda lambar nan guda ce ke kai mutum wurin masu sauraron koke, ko layinsa MTN ne, ko Airtel, ko Glo. Na'ura za ta tambaye ka harshen da kake so, ka zaɓi Hausa, ka yi ta jira, can sai ka ji ɗan Adam ya yi maka sallama ya faɗi sunansa. Wannan mutum bakin aikinsa yake, albashi yake jira a ƙarshen wata, kuma Hausar bakinsa tana cikin abin da ya sa aka ɗauke shi. Amma sau da yawa, duk da sunan kamfanin waya da ya ambata, ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Wani kamfani daban ke biyansa, wataƙila kuma wani na uku ne ya nemo shi.

Saurayi ko budurwar Gidan Katta, ko Kalmalo, ko Araba, ko cikin garin Illela, da ya gama sakandare ko ya karɓo takarda daga Kwalejin Shehu Shagari ko Foliteknik ta Umaru Ali Shinkafi, yana iya wannan aiki. Matsalar ita ce manyan cibiyoyin amsa kira suna can Legas, Ibadan, Ilori, Abuja da Kaduna. Mutumin bakin iyakar Nijar ba ya ganin ginin da idonsa kafin ya nema. Labarin yakan iso shi ta WhatsApp ko Facebook, ko ta bakin wani da ya ce ya san wani. Kusan kullum ke nan akwai mai shiga tsakani, kuma wanda bai bambance mai shiga tsakani da mai aikin ba, shi ake cuta.

Hannu uku a kan aiki ɗaya

Na farko shi ne kamfanin da kwastoma ya sani: kamfanin waya, banki, OPay ko Moniepoint, ko masu sayar da sola a biya kaɗan-kaɗan. Na biyu shi ne kamfanin da aka ba kwangilar amsa kiran. Irinsu akwai iSON Xperiences, wanda ya daɗe yana yi wa kamfanonin waya wannan hidima, akwai kuma Outsource Global da Amal Hassan ta kafa a 2013, mai ofisoshi a Abuja da Kaduna. Na uku shi ne mai nemo ma'aikata: ejensi, ko ejan guda, ko dandalin tallar guraben aiki irin Jobberman da aka kafa a 2009.

Ɗan Illela ba ya bukatar dogon bayani a kan na ukun nan. Ya sha zuwa kara ran Lahadi ya ga dillali riƙe da igiya yana zuba yabo yana ciniki, alhali ba shi ne mai dabbar ba, ba kuma shi ne mai saye ba. Rabonsa la'ada, da an sallama ya juya wani cinikin. Mai nemo ma'aikata haka yake. Kamfani ne ya ce masa yana son mutum kaza masu jin Hausa da Turanci, kuma kamfanin ne zai biya shi idan ya kawo su. Burinsa ya cike gurbin da wuri da wanda ba zai ba shi kunya ba. Yana iya gyara maka takardar bayananka ta CV, ya faɗa maka irin tambayoyin da za a yi, ya shigar da sunanka inda kai ba ka da hanya. Abin da ba ya hannunsa shi ne yanke hukuncin ɗaukarka, da ƙarin albashi, da tsara maka lokutan aiki. In ya ce maka "ai bayan wata shida za a mayar da kai cikakken ma'aikaci," ka ɗauke ta a matsayin fata nagari, sai fa in ka gan ta a rubuce da sa hannun mai aikin.

Mai aiki kuwa shi ne wanda sunansa ke saman takardar kama aiki. Shi ke biyan albashi, shi ke zuba kuɗin fansho, shi ke ba da hutu, shi ke da ikon kora.

Inda abin ke rikicewa shi ne akwai ejensin da ke haɗa biyun. Ita za ta nemo ka, ita kuma za ta riƙe ka a matsayin ma'aikacinta, sannan ta tura ka zama a ginin banki ko na kamfanin waya. Wannan shi ne abin da ake kira ma'aikacin kwantiragi. Za ka rataya katin shaida mai tambarin bankin, ka yi magana da sunansa, amma alawus da giratutin ma'aikatan bankin ba su shafe ka ba. Tsarin bai saɓa doka ba, kuma mutane da dama ta nan suka fara. Kuskuren shi ne ka shiga kana zaton kai ɗan gida ne. Saboda haka duk wanda ya tuntuɓe ka, yi masa tambaya uku cikin ladabi: sunan wane kamfani zai fito a takardar kama aiki, daga asusun wa albashi zai shigo, kuma wa ke da ikon sallamata? Ejan na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kullum yana amsa su. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce "kai dai ka zo, in ka zo za ka gani," ya riga ya ba ka amsa.

Kuɗin fom da aikin ƙasar waje

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai sana'ar samar wa mutane aiki ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma masu lasisin suna da ƙungiyarsu, HuCaPAN. A 2023 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ginshiƙinta shi ne kada ejensi ta caji mai neman aiki. Don haka duk saƙon da ya ce a turo kuɗin fom, ko na gwajin lafiya, ko na "riƙe maka gurbi," a kuma tura su asusun wani mutum mai suna irin nawa da naka, rufe shi kawai. Ba ƙanƙantar kuɗin za ka duba ba. Dubu biyu-biyu daga mutum ɗari biyar ai miliyan guda ce.

Kana iya binciken sunan kamfani kyauta a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da wayar hannunka. Amma rajista kaɗai ba ta wanke kowa, don ɗan damfara yana aron sunan kamfani na gaske. Nemi lambar kamfanin daga shafinsa na ainihi, ba daga saƙon da aka turo maka ba, ka kira ka tambaya ko suna ɗaukar ma'aikata, kuma ko sun san wannan ejensi. Lambar BVN da lambar asusu sai bayan an ba ka takarda ake bukatarsu. Lambar sirri ta kati kuwa babu mai aikin da ke da hurumin tambaya.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗin fom muni. Sunan aikin amsa kira ya zama rigar da masu safarar mutane da gungun 'yan damfara ke sawa. An yi ta kwashe matasa daga ƙasashe daban-daban da alkawarin wannan aiki, suka tsinci kansu a tsare a Miyanma da Kambodiya, ana tilasta musu yaudarar mutane ta intanet. A nan gida ma, a Disamban 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas, cikinsu da 'yan China da Filifin, da kuma matasan Najeriya da aka ɗauka aikin zama gaban kwamfuta. In aka ce za ka yi amfani da sunan da ba naka ba da hoton da ba naka ba, kana jan mutane su zuba kuɗi, to wannan ba hidimar kwastoma ba ce. Mu da hanyar Ƙonni zuwa Tawa da Agadas ta bi ta ƙofarmu mun san inda irin waɗannan alkawura ke kai mutum. Hukumar NAPTIP tana da ofis a Sakkwato, kuma kai musu rahoto ba ya cin ko kwabo.

Intabiyu iri biyu ce

Ta ejan tacewa ce. Zai duba takardunka, ya ji Turancinka da Hausarka, ya tambayi inda za ka iya zama da albashin da kake sa rai. Roƙi a yi wannan ta waya ko ta bidiyo. Daga Illela zuwa Sakkwato kaɗai ya haura kilomita 80, balle a ce Kaduna ko Abuja. Kada ka ci bashin kuɗin mota sai an ba ka rana, da adireshin ofis na gaske, da sunan kamfanin da zai gan ka. Ke kuma 'yar'uwa, ki sanar da na gida adireshin, kuma duk intabiyun da aka ce a ɗakin otal za a yi ta, ba taki ba ce.

Ta mai aiki gwaji ce. Za a sa ka buga rubutu a kwamfuta a ga saurinka, sannan wani ya zama kwastoma mai fushi a ga yadda za ka yi da shi. A nan ne sanin tsarin kira ke raba masu nema.

Yadda ake riƙe kira

Kira yana farawa da sallama, da sunan kamfani, da sunanka. Daga nan Bahaushe ke shiga tsaka mai wuya. Dattijon da ya kira daga Gwadabawa ba zai faɗa cikin magana haka kawai ba, sai ya tambayi gajiya da iyali da sanyi. Kwamfuta kuwa tana ƙirga daƙiƙoƙi. In ka katse shi ka yi rashin kunya, kuma duk abin da za ka faɗa bayan nan ba zai shiga kunnensa ba. In ka biye masa, layi ya cika da masu jira. Dabarar ita ce ka amsa gaisuwa zagaye ɗaya da cikakkiyar murya, ka rufe ta da kanka: "Lafiya lau, ranka shi daɗe, mun gode Allah. Wace matsala aka samu, Alhaji?" Ka ba shi girmansa, ka kuma buɗe masa ƙofar magana. Wanda ka ji muryarsa ta manyanta, Baba ne ko Inna ko Hajiya. Wanda ba ka tantance ba, Malam ko Malama ba ta taɓa zama laifi.

Sai tantancewa, wato tabbatar da cewa mai magana shi ne mai layin ko mai asusun. Ana tambayar cikakken suna, ranar haihuwa, wani lokaci sunan mahaifiya ko katin ƙarshe da aka sa. A yankinmu nan ne rigima take. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a Disamban 2020, an ga yawan layukan da ke hannun mata amma da sunan miji ko ɗa aka yi musu rajista, da tsofaffin da ba su riƙe ranar haihuwar da aka rubuta musu ba. Za ka ji tausayi, za a haɗa ka da Allah. Kada ka karya ƙa'ida. Mai son sace layin wani ma da irin wannan murya yake zuwa, kuma layi yau shi ne makullin asusun banki. Abin da za ka yi shi ne ka bayyana wa mai kira inda zai je da abin da zai riƙe: ofishin kamfanin mafi kusa, da takardar NIN, da wanda aka yi rajistar da sunansa.

Bayan nan ka yi shiru ka saurara har ya kai aya, kana rubutawa. Sannan ka maimaita masa da naka bakin. Misali ya ce, "Yaro, kuɗina anka cire, mai POS ya ce bai gani ba." Kai kuma ka ce, "Sannu Baba, abin da ciwo. Wato jiya da la'asar ka je cire dubu ashirin, alat ya shigo an cire, amma ba a ba ka kuɗin ba. Haka ne?" Wannan maimaitawa tana kashe rabin fushi, tana kuma kama kuskure tun da wuri. Adadin kuɗi musamman a faɗe shi da lamba. Ɗan bakin iyaka ya san jaka a wannan gefe naira 200 ce, jika a Ƙonni kuwa sefa 1,000 ce, kuma mai kira yana iya lissafi da kowacce.

In matsalar tana hannunka, warware ta nan take, mataki-mataki, kana jira ya danna kafin ka faɗi na gaba. Yawancin kira irin waɗannan ne: data ta ƙare da wuri, an sa masa waƙar kira bai nema ba, saƙonnin talla sun dame shi (a tura STOP zuwa 2442). Akwai kuma wadda ɗan Gidan Katta zai gane kafin ɗan Legas: wayar da ke kusa da iyaka takan kama sabis na Nijar da kanta, kati ya yi ta zurarewa da kuɗin ƙetare. Maganinta a shiga saitin waya a zaɓi kamfanin gida da hannu.

In matsalar ta fi ƙarfinka, buɗe masa ƙorafi, ka karanta masa lambar ƙorafin a hankali har ya rubuta, ka faɗa masa wa'adin gaskiya. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020, rigimar cire kuɗi ta POS awa 72 aka ɗibar mata. Kada ka ce "yanzu-yanzu za su dawo" don ka rabu da shi. Gobe zai sake kira da fushi ninki biyu, kuma rikodin muryarka yana nan. Haka in za ka ajiye shi a layi, nemi izininsa, faɗa masa dalili, ka riƙa leƙowa. Mutumin da ya hau tudu yana neman sabis, minti biyu na shiru a wurinsa yankewa ce.

Mai zagi fa? Za a zage ka, har a taɓa iyaye. Ba da kai yake ba, da kamfanin yake. Sassauta murya, kada ka ce masa "kwantar da hankalinka," don ba abin da ke ƙara tunzura mai fushi kamar wannan. Kowace cibiya tana da ƙa'idar gargaɗi kafin a kashe kira ko a miƙa wa sufabaiza. Koye ta tun ranar farko.

Kana ajiye kira za ka rubuta taƙaitaccen bayani a kwamfuta, kuma da Turanci ake rubutawa ko da da Hausa aka yi maganar. Wannan ne ke kayar da masu zaƙin baki da yawa. Duk mai son aikin nan ya je shagon kwamfuta a Illela ya saba da allon rubutu tun yanzu. Ya kuma sani Sakkwatanci ado ne in mai kira ɗan Gada ne ko Tangaza, amma wanda ya kira daga Jos ko Yola, wanda wataƙila Hausar ma koyonta ya yi, sai an sauko masa zuwa Hausar rediyo.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu fiye da 'yan birni, saboda kowa ya san kowa. Ranar da aka ji kana aiki a kamfanin waya ko banki, wani zai kira ka ya ce ka duba masa wanda matarsa ke kira, ko nawa ne a asusun wanda yake bi bashi. Kowane asusu ka buɗe, kwamfuta tana rubuta sunanka da lokacin. Wannan laifin kora ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 tana iya hawa kan mutum. Ka ce masa ba ka da ikon gani, ku rabu lafiya.

Ana auna ma'aikaci da matsakaicin tsawon kiransa, da yawan matsalolin da ya kashe a kira na farko, da makin masu sauraron rikodi, da kiyaye lokaci. Cibiyoyi da yawa a duniya suna bin mizanin amsa kashi 80 cikin 100 na kira cikin daƙiƙa 20, shi ya sa ake ƙirga har mintocin shan ruwa. A ganina wanda ya sa sauri gaba da warwarewa ya yi asara, don kiran da ba a warware ba dawowa yake. Aikin na karɓa-karɓa ne, har da dare da ranakun Sallah. Maganar lokacin salla da Juma'a a yi ta da sufabaiza tun a makon horo, kada a bari sai jadawali ya fito.

Kafin ka sa hannu

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su cika. Kai da za ka bar gida ka yi nisa, nemi takardar kafin ka hau mota. Duba sunan da ke samanta ka gwada da amsar da ejan ya ba ka. Duba albashi: adadin da aka faɗa kafin cire-cire ne ko wanda zai shigo hannu? Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, ko da yake dokar ta ɗauke wa masu ma'aikata ƙasa da 25. Dokar Fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun fansho mai sunanka. Tambayi ko ana biya a makonnin horo, da tsawon kwantiragin, da abin da zai faru da kai in kamfanin da ya ba da kwangilar ya janye ta. Wannan ta ƙarshe ita ce ke kwashe ɗaruruwan ma'aikata dare ɗaya ba da laifinsu ba. A doka, wa'adin sanarwar rabuwa kwana 1 ne in aikin bai wuce wata 3 ba, mako 1 in bai kai shekara 2 ba, mako 2 har zuwa shekara 5, wata 1 daga nan zuwa sama. Hutun shekara kuwa aƙalla kwana 6 na aiki ne bayan wata 12.

Sannan ka zauna ka yi lissafi da alƙalami: haya, abinci, kuɗin mota a garin da za ka. In abin da ya rage bai kai na mai tsaron shagon POS a Illela ba, to ƙwarewa za ka je nema, kuma gara ka san haka tun daga gida. In an ce daga gida za ka yi aikin, tambayi wa zai ba da kwamfuta da abin sawa a kunne da data, kuma wa zai ɗauki asarar ranar da sabis ya ɗauke. A Gidan Katta wannan yana nufin sola mai riƙe kwamfuta awa takwas, da layi biyu na kamfanoni daban-daban, da ɗakin da kukan awaki ba ya shiga.

In aka riƙe maka albashi, ejan da ya kawo ka yana iya sa baki, amma ba shi kake bi ba. Rubuta wa kamfanin da sunansa ke kan takardarka, ka riƙe kwafi. In ba a amsa ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Sakkwato mai sasanta irin wannan, bayansa kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ma tana da reshe a Sakkwato. Duka biyun takarda za su tambaye ka: ta kama aiki, da ta biyan albashi ta kowane wata, da saƙonnin alat na banki da na fansho. Ɗauki hotonsu duk wata ka tura wa imel ɗinka, don wayar kamfani da kwamfutarsa ana karɓe su ne a ranar da aka sallami mutum.